Ku Sako Mana Iyayenmu Su Dawo Kafin Amsa Ta Fito



Akwai wata fatawa da ta daɗe tana yawo a cikinmu, daga zaurukan WhatsApp zuwa bencin ƙofar shago, daga Agege zuwa Idi-Araba har Sabon Ibadan, kuma lokaci ya yi da za mu taka mata birki. Wai duk wanda ya je Amurka da bizar ziyara, ya cike takardar neman ƙarin wa'adin zama, to ya ɗaure kansa ke nan. Bai isa ya hau jirgi ya dawo gida ba sai amsa ta fito, in kuwa ya kuskura ya fito, ya ƙona fasfonsa, shi da Amurka sai a talabijin. Masu faɗin haka da ƙarfin gwiwa suke faɗi, kai ka ce da su aka zauna aka rubuta dokar. Maganar kuwa a kife take. Wanda ya fito alhali takardarsa tana kan layi, shi ya fi kusa da tsira da bizarsa. Wanda ya zauna jiran amsa bayan wa'adinsa ya cika, caca yake yi, kuma abin da ya fi ƙona mana rai shi ne, sau da yawa fasfon da ake cacar da shi na mahaifiya ne.

Mun ce mahaifiya domin kowa a nan ya san waɗanda suka fi faɗawa wannan rami. Ɗan kasuwarmu da ke da shago a Alaba ko Mile 12, in ya yi sati uku a waje hankalinsa ya tashi, ba mai riƙe shi. Waɗanda ake riƙewa iyayenmu mata ne, waɗanda 'ya'yansu da ke Houston ko Maryland ko Atlanta suka aiko wa da tikiti su je zaman jego. An tafi da niyyar wata uku. Arba'in ta wuce, mai jego ta koma aiki, jariri ya saba da bayan kakarsa. Wata biyar ya cika, sai a ce, "Mama, ki ɗan ƙara haƙuri, za a cike miki takarda." Wata shida ya wuce, Hajiya ta fara maganar gida, ga bikin jikarta ya matso, ga Alhaji shi kaɗai da 'yan aiki, sai a ce, "Ai Mama yanzu ba a fita, sai takarda ta fito, in kin fita kin ɓata komai." Ita kuwa ba ta jin Turancin takardun, ba ta san inda ake duba su ba, abin da ɗanta ya faɗa shi ne doka. Sai ta zauna.

To bari mu warware abin daga tushe, domin ruɗanin daga can ya faro. Bizar da aka manna a fasfo ba ita ke faɗin tsawon zaman mutum a Amurka ba. Ita dai ta ba ka damar zuwa bakin ƙofa ka yi sallama. Jami'in hukumar CBP da ya tare ka a filin jirgi shi ne ke yanke maka kwanaki, yawanci wata shida ga mai ziyara, wani lokaci ƙasa da haka, kuma ranar ƙarshen tana cikin rajistar da ake kira I-94. Tun 2013 aka daina miƙa wa masu shiga ta jirgin sama 'yar farar takardar nan a hannu, sai an shiga shafin hukumar a intanet an duba da lambar fasfo, kuma a filayen jirgi da yawa yanzu ko hatimi ba sa bugawa. Saboda haka duk lokacin da kuka ji an ce "ai bizar Hajiya ta shekara biyar ce," ku tambayi mai maganar ranar da ke kan I-94 ɗinta. In ya yi shiru, kun san da wa kuke magana.

Wanda yake son ya wuce wannan rana, sai ya aika wa hukumar USCIS fom mai lamba I-539 kafin ranar ta zo. Hukumar da kanta tana ba da shawarar a aika aƙalla kwana 45 kafin wa'adin ya cika. Tun watan Afrilu na 2024 kuɗinsa dala 470 ne ga mai aikawa ta takarda, dala 420 ga mai cikewa a intanet, wato sama da naira rabin miliyan ko ta ina aka bi. Abin da ake iya ƙara wa mai ziyara bai wuce wata shida ba. Bayan an aika, sai rasit ya zo, wata takarda mai lamba I-797C. Wannan rasit ɗin shi ake ɗaukar hotonsa a turo mana gida a ce "alhamdu lillahi, an samu ƙari." Ba a samu komai ba tukuna. Abin da rasit ya ce kawai shi ne sun karɓi fom, sun karɓi kuɗi, za su duba. Dubawar kuwa takan ɗauki watanni, har wani lokaci wata shidan da aka nema ya kusa ƙarewa ba a ji komai ba.

Ba mu ce rasit ɗin banza ne ba. Yana da aiki guda mai girma: yana tsayar da lissafin kwanakin zama ba bisa ƙa'ida ba. Akwai dokar da aka kafa a 1996, zamanin Bill Clinton, wadda ta ce wanda ya tara fiye da kwana 180 na irin wannan zama sannan ya fita, an rufe masa ƙofa shekara 3, wanda ya tara shekara guda ko fiye, shekara 10. Muddin takardarka tana hannunsu ba su yanke hukunci ba, waɗannan kwanaki ba sa hawa kanka, amma da sharaɗi. Sai in an aika fom ɗin kafin ranar I-94 ta wuce, sai in dalilin da aka bayar na gaske ne ba na cika baki ba, kuma sai in mutum bai taɓa yin aikin kuɗi ba tare da izini ba. Wannan rumfa ce ta wucin gadi, mutum na ƙarƙashinta ne har ranar da amsa za ta fito. In amsar ta zo da "mun amince," shi ke nan, an ci riba. In ta zo da "mun ƙi," rumfar ta rufta, kuma daga washegari kwanakin nan su fara hawa.

Ga wurin da masu fatawar ba sa kaiwa. Akwai wani sashe na dokar shige da ficen Amurka, sashe na 222(g), wanda ya ce duk wanda ya wuce wa'adin da aka ba shi, ko da kwana ɗaya ne, bizar da ke fasfonsa ta mutu da kanta. Ba sai an kira shi an soke ta da biro ba. Tana nan a manne, kwanan watanta bai ƙare ba, amma gawa ce, kuma in yana son wata sai ya koma ƙasarsa ya nema daga farko. To ƙa'idar da ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta gindaya wa jami'anta masu ba da biza ta ware mutum guda daga wannan hukunci: wanda ya nemi ƙari a kan lokaci, da dalili na gaske, bai yi aiki ba, sannan ya bar ƙasar kafin a yanke hukunci a kan takardarsa. Shi wannan bizarsa ba ta mutu ba. Wanda kuwa amsar ƙi ta tarar da shi a cikin ƙasar bayan ranar I-94 ɗinsa ta wuce, sashen ya hau kansa.

Mu buga misali da mata biyu, don kowa ya gani da idonsa. A ce dukansu sun sauka a watan Janairu, an ba su zuwa Yuli, an aika musu fom a watan Mayu, kuma bizar kowace tana da sauran shekara uku. Ta farko ta ga Satumba ta kama ba labari, ta ce a saya mata tikiti, ta sauka a Ikeja. Ta wuce ranar Yuli da wata biyu, amma a ƙarƙashin rumfa ta yi su, ba ta da kwana ko ɗaya na zama ba bisa ƙa'ida ba, bizarta kuma tana da rai. Ta biyu aka ce mata ba a fita. Ta zauna har Nuwamba, sai ga wasiƙa cewa an ƙi. Ko da a ce a satin ta haɗa kayanta ta taho, bizar ta riga ta tafi. In kuma wasiƙar ta kwanta a akwatin gidan waya, ko an canja gida ba a sanar ba, ko ɗan nata ya gani ya ɓoye don kada hankalinta ya tashi, to kwanaki na ta hawa ba ta sani ba, suna tafiya wajen 180. Wace ce a cikinsu ta ɓata fasfo?

Kuma abin ya ƙara tsanani. A watan Fabrairu na 2025 hukumar USCIS ta fitar da sabon tsari wanda ya ba jami'anta umarnin aika sammacin kotun shige da fice ga wanda aka ƙi takardarsa alhali ba shi da sauran izinin zama. Ku ɗan tsaya ku auna wannan. Tsohuwar da ko ofishin 'yan sanda ba ta taɓa takawa ba a rayuwarta, a wayi gari sunanta yana gaban alƙalin korar baƙi a ƙasar da ta je wankan jego. In sammaci ya riga ya fita, hawa jirgi kawai ba ya share shi, domin rashin bayyana a kotu yana da nasa hukuncin dabam, sai an nemi lauya ya warware. Duk wannan ba ya samun wadda ta fita tun kafin a yanke.

A da, in biza ta mutu, sai a ce a je a sake nema, ai kuɗi ne da bin layi. Yau fa? A watan Maris na 2023 Amurka ta mayar da bizar ziyarar 'yan Najeriya shekara biyar daga shekara biyu, mutanenmu da dama suka samu a wancan lokaci. Ranar 8 ga Yuli 2025 aka juya, aka mayar da yawancin bizar da ba ta zama ba ta koma shiga ɗaya tak, mai wata uku. A watan Disamba na 2025 kuma Donald Trump ya sa hannu a sanarwar da ta saka Najeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa shiga, har da bizar ziyara da ta karatu, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026. A duka matakan biyu an ce bizar da aka riga aka bayar tana nan da ƙarfinta. Ma'ana, wannan biza mai shekara biyar da aka buga wa Hajiya a 2023 ko 2024 abu ce da a halin da ake ciki kuɗi ba ya sayen irinta, ko a Walter Carrington ko a Abuja. Ita ce kaɗai hanyar da za ta sake ganin jikokin nan a gidansu. Ita ake ɗorawa a faifan caca don a samu ƙarin wata uku na raino.

Za a ce mana, to ai in ta fita za su ƙi takardar. Gaskiya ne, kuma daga nan ne fatawar ta samo ƙafa. Wanda ya nemi a ƙara masa zama sannan ya tafi, hukumar takan ɗauka ya yi watsi da buƙatarsa, sai ta rufe fayil ɗin, sau da yawa da wasiƙa mai ɗauke da kalmar ƙi. Wasiƙar takan je adireshin ɗan a can, shi kuma ya ga kalmar ya firgita, ya bugo waya gida a shiga salati. Amma ƙin da aka yi saboda mutum ya riga ya tafi daban yake da ƙin da ya tarar da mutum a zaune. Abin dubawa shi ne kwanan wata biyu: ranar da ta fita da ranar da aka rubuta wasiƙar. In fitar ta riga wasiƙar, an wuce wurin. Za a kuma ce kuɗin fom ya tafi a banza. Kuɗin nan tun ranar da aka biya ya tafi, ko an amince ko an ƙi ba a mayarwa. Zama don kada dala 470 ta salwanta, kamar mutum ne ya ƙi fita daga gidan da ke cin wuta don ya biya hayar wata.

Akwai kuma wanda ya shiga da sabuwar bizar nan mai shiga ɗaya, shi zai ce, ni in na fita ai ba ni da ta dawowa, gara in zauna in ga abin da zai faru. Mun fahimci wannan tunani, kuma ba mu ce ba shi da zafi ba. Amma ƙarin wa'adi ba sabuwar biza ba ne, ko an amince masa, ranar da ya fita ƙarin ya ƙare. Abin da zai rage masa a duniya shi ne tarihinsa a kwamfutarsu. Sanarwar shugaban ƙasa aba ce da wani shugaban kan soke. Mun gani: takunkumin bizar zama da aka sa wa Najeriya a farkon 2020, Joe Biden ya ɗage shi ranar da ya hau mulki a Janairun 2021. Hukuncin shekara 3 da shekara 10 kuwa doka ce ta majalisa, shugabanni nawa suka zo suka wuce tana nan. Ranar da ƙofa ta sake buɗewa, mai tsabtataccen tarihi ne zai shiga layi.

Yanzu bari mu juyo kan 'yan uwanmu da ke can, domin da ku muke, kuma mun san kuna karanta wannan shafi. Mun san rainon yaro a Amurka tsada ne da shi, mun san hutun haihuwa gajere ne, mun san miji da mata duk sai sun fita aiki kafin a biya haya. Ba mu raina wahalarku ba. Amma ku faɗa wa kanku gaskiya game da dalilin da ya sa aka cike fom ɗin nan. In Hajiya ce ba ta da lafiya, likita ya rubuta cewa ba za ta iya doguwar tafiya ba, wannan dalili ne, don irinsa aka yi fom ɗin, kuma ba mai zarginku. In kuwa dalilin shi ne ba a samu mai riƙe yaro ba, to ku sani jami'ansu suna iya kallon rainon yini guda, kullum, wata da watanni, a matsayin aikin da ya kamata a biya wani ya yi, ba ziyara ba. Shi ya sa ba kwa rubuta hakan a fom ɗin. Kuna rubuta cewa tana son ta ƙara zaga gari ta ga wurare, alhali tsohuwar nan in ban da kanti da asibitin yara ba inda ta sani. Sannan a miƙa mata ta sa hannu a kan abin da ba ta karanta ba. Hausawa sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan an sauya: ku kuka ja ruwan, kuna da katin zamanku ko fasfonku na can a aljihu, ba abin da zai taɓa ku. Sunan da zai shiga kwamfuta nata ne.

Sai batun ɗan abin hannu. Hajiya ta iya kitso, ta iya lalle, ta iya waina da dambun da matan unguwa ke marmari, sai a fara kawo mata aiki ana ba ta dala ashirin, dala hamsin, a ce ai na goro ne. A wurinmu na goro ne. A wurin dokarsu aiki ne ba tare da izini ba, kuma shi kaɗai ya isa ya rushe rumfar da muka ambata tun daga ginshiƙinta, a koma lissafa mata kwanaki daga ranar da I-94 ya ƙare. Wadda ta san ta taɓa irin wannan, maganar "fita kafin amsa" ma ba ta wadatar da ita ba, tana buƙatar lauya ya duba lamarinta, kuma kowace rana da ta ƙara a can nauyi ce.

Kada kuma wani ya ɗauka cewa in an fita kafin amsa shi ke nan an wanke tas, ba mai tambaya. Za a tambaya. Dokarsu tun ta 1952 tana ɗaukar duk mai neman bizar ziyara a matsayin mai niyyar zama har sai ya nuna akasin haka, wannan shi ne sashe na 214(b) da ya mayar da mutanenmu da yawa gida da 'yar takarda a hannu. Wadda ta ce za ta yi wata uku ta yi wata tara, ko da kowace rana a cikinsu halal ce a doka, jami'in filin jirgi yana da ikon ya tsare ta da tambaya in ta sake zuwa, har ya mayar da ita. Ko wadda aka amince wa ƙarin ba ta tsira daga wannan tambaya ba. Shi ya sa muke cewa kowane sati da aka rage a zaman riba ne. Wata bakwai ya fi wata goma sauƙin bayani.

Abin da zai tsaya mata a ranar tambayar takardu ne, kuma a nan sakacinmu ya yi yawa. Amurka ba ta buga hatimin fita a filin jirgi, daga jerin sunayen fasinjojin kamfanin jirgi suke sanin mutum ya tafi. Kwamfutarsu za ta nuna wa'adi ya cika a Yuli, an fita a Satumba, kuma jami'in da ke gabanta ba lalle ne ya tsaya neman abin da ya faru a tsakani ba. Ita ce za ta nuna. Saboda haka rasit ɗin nan na I-797C, da kwafin fom ɗin da aka cike, da I-94 da aka buga a takarda, da takardar shiga jirgi ta ranar dawowa, da shafin fasfon da jami'anmu suka buga wa hatimin sauka a Legas ko Abuja ko Kano, da duk wasiƙar da ta biyo baya, a haɗa su a ambulan guda su taho gida tare da ita. Kada a bar su a durowar ɗa a can. Yana da kyau kuma bayan ta sauka a rubuta wa hukumar cewa an janye buƙatar, a haɗa da shaidar fita. In ranar cike fom ɗin DS-160 ta sake zuwa, inda ake tambayar tsawon zaman da aka yi a baya da ko an taɓa wuce wa'adi, a rubuta ainihin kwanakin, a yi bayani. Wuce wa'adi hukuncinsa yana da iyaka. Ƙarya don a samu biza, in an kama, haramcinta na har abada ne.

Wata dabarar da muke ji ita ce a tsallaka da ita Kanada kwana biyu a dawo, wai sai lissafi ya koma sabo. Ba ya komawa. Gajeriyar fita zuwa Kanada ko Meziko ba ta sabunta wa'adi, kuma fitar na iya sa a ɗauka an yi watsi da takardar da ke kan layi. A bar wannan. Kuma duk abin da muka faɗa a nan na Amurka ne. Ingila da Kanada da Saudiyya da Dubai kowace da nata tsarin, kada wani ya ɗauki wannan rubutu ya auna zamansa a Jidda da shi.

Dillalan biza kuwa, na nan da na can, waɗanda ke karɓar kuɗi su cike fom su kuma ba da fatawa kyauta, muna da tambaya guda gare su: in amsa ta zo da ƙi, wa zai mayar wa Hajiya bizarta? A dokar Amurka lauya ne kawai, ko wakilin da ma'aikatar shari'arsu ta tantance, ke da izinin ba da shawara a kan shige da fice. Mai shagon buga takardu ba ya ciki, haka wanda ya shekara ashirin a can yana tuƙa tasi, komai yawan mutanen da ya ce ya yi wa. "Ai wance ta zauna kuma an ba ta" ba hujja ba ce. Waɗanda aka ba su ne ke ba da labari a wurin biki. Waɗanda aka hana suna gida sun yi shiru, in an tambaya a ce ai Hajiya ce ta gaji da sanyi.

Abin bai tsaya a gida ɗaya ba. Sanarwar Disamban nan da ta rufe mana ƙofa, cikin dalilan da ta kawo har da alƙaluman masu wuce wa'adi: kashi 5.56 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu bizar ziyara, da kashi 11.90 na masu bizar karatu da musaya. Mu a ganinmu ba adalci ba ne a hukunta mutum casa'in da huɗu da suka koma gida saboda shida da suka maƙale, kuma za mu ci gaba da faɗin haka a duk inda muka samu dama. Amma ƙofar tasu ce, kuma wake ɗaya ke ɓata gari. Yaron unguwarmu da ya samu gurbin karatu ya rasa biza, da majinyacin da aka rubuta wa asibiti a can, suna cikin masu biyan bashin da wasu suka ci.

Saboda haka ga abin da muke nema, kuma ba mai wuya ba ne. Duk wanda mahaifiyarsa ko yayarsa ko matarsa take can da bizar ziyara, ya bugo waya yau ya ce a turo masa hoton I-94, ya karanta ranar da idonsa. In ranar ba ta zo ba, mafi alheri a sayi tikitin da zai fitar da ita kafin ranar, a manta da fom. In an riga an aika fom kuma ranar ta wuce, a duba lambar rasit a shafin hukumar a tabbata ba a yanke ba, sannan a sa ranar tafiya mafi kusa, kada a jira wasiƙa, kada kuma a wuce wa'adin da aka nema a fom ɗin ko da amsa ba ta zo ba. In akwai rashin lafiyar da ta hana tafiya da gaske, ko an riga an ƙi, ko sammaci ya zo, a nemi lauyan shige da fice mai lasisi a satin nan, 'ya'yan da suka gayyace ta su biya. Alhazan da matansu ke can kuma, ku daina karɓar "sai takarda ta fito" a matsayin amsa. Ku ce a ba Hajiya wayar, ku tambaye ta ita da bakinta ko tana son dawowa, ku kuma tambayi a hannun wa fasfonta yake.